Safaya mai nauyi a saman mota: yaya mutum ɗaya zai sauke ta, ya kuma mayar?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanku da aiki. Motata Land Cruiser 78 ce, doguwar nan mai ƙofa biyu a baya. Aikinta tafiyar arewacin Ghana: Techiman, Kintampo, Tamale, wani lokaci in karya ta Fufulso in bi Damongo da Sawla har Wa da Tumu. Tayoyin 285/75R16 ne a kan rim ɗin ƙarfe. Safaya biyu nake ɗauka, ɗaya a ƙofar baya, ɗaya a kan kariyar sama, wato ƙarfen ɗora kaya da ke kan rufin mota.

Ta saman ce damuwata. In ba ni da yaron mota, ba yadda zan sauke ta sai dai in turo ta ƙasa, mayar da wadda ta fashe kuwa sai an samu mutum biyu. Me ya kamata in haɗa wanda mutum ɗaya zai iya aiki da shi a gefen hanya? Winci na lantarki, ko kura (gargaren da igiya ke bi ta kansa) da igiya, ko wani abu daban? Wane ƙarfe, kauri nawa, kuma a ina za a kafa shi? Ta ƙofar bayan ma, ko akwai dabarar ɗora ta ba tare da mutum ya ji wa bayansa ciwo ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Asawase, ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko, ka daina turo ta daga sama, tun daga yau. Taya mai cike da iska ba ta faɗuwa ta zauna. Tana dira ta yi tsalle, ta tsaya a kan gefenta, ta kama gangara. A kan babbar hanya irin ta Kintampo, in ta shiga gaban mai babur ko motar haya, magana ta ƙare. Ko a daji ne, tana iya dawowa ta fasa maka gilashi ko ta karya ƙafar wanda ke tsaye kusa.

Na biyu, ka san nauyinta da lamba, ba da ƙiyasi ba. Ka ɗora ta a kan sikelin masu awon hatsi. Taya irin taka ita kaɗai tana kai kilo 25 ko fiye, rim ɗin ƙarfe ya ƙara wajen 15, ka ga a haɗe tana tsakanin kilo 40 da 45, kusan buhun siminti. Masu nazarin lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai riƙa ɗagawa, shi ma sai in kayan na kusa da jiki, a daidai ƙugu, ba juyawa. Kai kana ɗaga ninkin wannan, sama da kai, kana tsaye a kan tsani. Ba ƙarfi ne ya gaza maka ba, aikin ne ba na hannu ba.

A ganina ma, kafin ka nemi abin hawar da ita, ka tambayi kanka ko dole ne ta zauna a sama. Ka duba littafin motarka ka ga nauyin da aka yarda rufin ya ɗauka, kuma ka tuna kariyar da kanta tana cikin lissafin. Kilo 45 a tsawon sama da mita 2 yana canja halin mota a kwana da kuma inda hanya ta karkace gefe guda. In da hali, a haɗa maka bamba ta baya mai hannu biyu masu buɗewa, a ɗaure ta a shasi, kowane hannu ya ɗauki taya ɗaya. Wannan ya fi komai. Yana kuma sauke wa hinjin ƙofa nauyi, domin babbar taya a ƙofa, a hanya mai gargada, ita ce ke sa ƙofa ta fara sauka, makulli ya daina kamawa, ƙura ta riƙa shiga. Sai dai a kula kada tayoyin su rufe lamba ko fitilun baya, saboda 'yan sanda da kuma ranar gwajin DVLA, hukumar lasisin motoci.

Ta ƙofar baya kuwa, ga yadda ake yi. Faɗin tayarka daga ƙasa zuwa sama wajen santimita 83 ne, wato tsakiyarta na santimita 42 daga ƙasa. Abin da za ka ɗaga shi ne bambancin wannan da tsawon inda kusoshin suke, ba duka tsawon ba. Wahalar ba a ɗagawar take ba, a riƙewa take, lokacin da kake neman ramuka su dace da kusoshi, kilo 45 na hannunka, bayanka a lanƙwashe. Maganinta ɗan guntun fayif: a walda shi a tsakiyar farantin da ake ɗaure tayar, ya fito ya wuce kan kusoshin da santimita 10 zuwa 12, kaurinsa ya ɗan gaza ramin tsakiyar rim. Kana ɗagawa sai ka rataya tayar a kansa, nauyi ya bar hannunka, sannan ka juya ta a hankali har ramuka su dace, ka tura.

Wajen ɗagawar, ka ɗauki katako mai kauri, tsawon mita ɗaya da rabi. Ka ɗora kansa a kan bamba, ɗaya kan a ƙasa, ka gangaro da tayar a kansa kana bayanta. Ko ka ja motar da baya zuwa inda ƙasa ta yi tudu, bakin kwata ko gindin gada, tudun ya rage maka rabin aikin. In dole sai da hannu, ka tsuguna, ka jingina tayar a cinyarka, ka miƙe da ƙafafu, ƙafa ce za ta juya ba ƙugu ba. Kada yatsa ya shiga ramin kusa ko ramin tsakiya. Wajen saukewa, noti na sama shi ne na ƙarshe da za ka kwance, kafaɗarka na danne da tayar.

Masta Maiwalda, Suame Magazin, ya rubuta:

Salamu alaikum. Baba ya faɗi gaskiya, bamba mai hannu biyu ta fi. Amma akwai wanda bayansa ba wuri, akwai mai ɗaukar safaya uku, akwai masu manyan motoci da tayarsu ta wuce kilo 100. Don haka bari in yi bayanin ƙaramin kiren da ake sa wa a kan kariya, tunda shi ka tambaya, ƙanena.

Abu huɗu ne: kwasfa da ke manne da mota, sanda da ke tsayuwa a cikinta tana juyawa, hannu da ke miƙewa waje, sai winci da waya. Mutane suna sa hankalinsu a kan winci da wayar, alhali ba nan ne ke karyewa ba. Gindin ne ke karyewa. Ga lissafin, kowa zai iya yi. Taya kilo 45, tana rataye a santimita 70 daga sanda. Ka ninka, 45 sau 70, ya ba ka 3,150. Yanzu ka raba da tazarar da ke tsakanin wurare biyun da suka riƙe kwasfar. In gajeruwar kwasfa ce aka walda a kan kariya, tsawonta santimita 10, to kowane gefe na ɗaukar kilo 315. In tayar ta fizga sau ɗaya, ya ninka, ya wuce 600. Babu bakin kariyar da zai jure wannan, kuma kwatar ruwan rufin da ƙafafun kariya ke kamawa za ta buɗe. Amma in kwasfar doguwa ce, an kama ta a wuri biyu masu tazarar santimita 50, nauyin ya koma kilo 63 kacal. Taya ɗaya, hannu ɗaya, bambancin ninki biyar. Saboda haka kwasfar ta sauko ta bi kusurwar baya, sama ta kama firam ɗin kariya, ƙasa ta kama tsani mai ƙarfi, ko mafi kyau ta sauka har kan bamba. In ka haɗa kariya da bamba da ƙarfe ɗaya, ka sa roba mai kauri a mahaɗin sama, domin bodi da shasi ba sa motsi tare, in ka ɗaure su ƙam wani wuri zai tsage.

A kafa ta a kusurwar dama ta baya. A Ghana dama muke bi, in ka faka a gefen hanya hagunka ne ke wajen motoci. Hannun ya juya zuwa dama ko baya, kada ya taɓa fita ta hagu.

Ƙarfe: ga taya mai kilo 45 da hannun santimita 70, baƙin fayif na milimita 48, kaurin bango 3.2, irin wanda ake kafa wa magina su taka, ya isa sanda da hannu. Kwasfa kuma fayif na milimita 60 mai bango 4, cikinsa ya kai 52, sandar za ta shiga ta juya ba tare da girgiza sosai ba. A toshe gindin kwasfar da faranti, a huda ƙaramin rami don ruwan sama ya fita, a jefa washa biyu masu kauri da giris a tsakaninsu don sandar ta zauna a kai. Inda hannu ya haɗu da sanda a sa gaset, wato ɗan faranti mai kusurwa uku da ke ƙarfafa mahaɗi, na milimita 5 ko 6, ko a sa tokara daga tsakiyar hannu zuwa sanda. Kada a yi amfani da siririn fayif ɗin famfo mai farin shafe. Bangonsa ba kauri, kuma hayaƙin shafen nan wajen walda yana sa zazzaɓi. Ga tayar babbar mota mai kilo 120, wannan fayif ɗin bai isa ba ko kusa, sai a koma na milimita 76 mai bango 5, kuma gindin ya zauna a kan shasi ko firam ɗin bodi, ba wani wuri ba. Kusoshi M12 masu lamba 8.8 a kai, da faranti a bayan duk inda aka huda, da noti mai roba a ciki wanda gargada ba ta kwancewa.

Tsawon sandar ya danganta da yadda za ka rataya tayar. In a tsaye za ta hau, kana bukatar santimita 83 na tayar, da wurin ƙugiya, da ɗan sarari, ya kusan mita 1.2 sama da kariya. Ya yi tsawo. Ni na fi son a kwance: guntun ƙarfe mai ƙarfi na santimita 20 da zobe a tsakiyarsa, ka zura shi ta ramin tsakiyar rim, ya gitta a ƙasa, tayar ta tashi a kwance kamar faifai. Da haka santimita 65 zuwa 70 sama da kariya ya isa, kuma tana sauka a kan mazauninta yadda za ta kwanta, ba sai ka yi kokawar kwantar da ita kana saman mota ba. Abin da za ka biya shi ne tsawon hannu: rabin faɗin tayar 42, ka ƙara 15 ko 20 don kada ta goge fenti ko ta daki gilashi, ya kama wajen 60, da ɗan rara a kai shi ya sa na ce 70.

Yanzu winci, kuma a nan ne nake so kowa ya saurara. Hawa ba shi da haɗari kamar sauka. Wincin hannu iri uku ne a kasuwa. Akwai mai haƙori da ɗan harshe, wanda ke ƙara ƙas-ƙas in kana naɗewa. Yana riƙe kaya wajen hawa, amma in za ka sauke sai ka ɗage harshen, daga nan duk nauyin na hannunka. Hannu ya kuɓuce, mariƙin ya juya da gudu, ya karya wuyan hannu ko haƙora, tayar ta faɗo. Wannan na jan kaya ne a ƙasa, kada ka saya. Akwai mai birki a ciki: kana juyawa baya yana saki kaɗan-kaɗan, ka cire hannu ya tsaya cak. Shi nake ba da shawara, mai lambar kilo 270 ko sama. Yadda za ka gane shi a shago: ba shi da harshen da ake ɗagewa don saukewa, kuma in ka ja wayar da hannu gangar ba ta saki. Na uku mai giyar dunƙule, wanda nauyi ba ya iya juya shi baya. Yana da aminci, sai dai jinkiri, za ka juya sau da yawa kafin taya ta kai sama. Ƙaramin cen-bulok, wato abin ɗaga kaya mai sarƙa da ake ja da hannu, na kilo 250 ko rabin tan shi ma yana yi, domin don ɗaga kaya aka ƙera shi, ka rataya shi a bakin hannun ka cire in ka gama.

Kura da igiya na rage nauyi, gaskiya ne. Igiya huɗu na mayar da kilo 45 zuwa wajen 15 in an haɗa da gogayya, amma za ka ja igiya mita 12, kuma ba birki. Sai ga wanda ya iya naɗa igiya a ƙarfe yana saki a hankali.

Waya: ta ƙarfe mai laushi, milimita 5, mita 6 ta isa. Tana jure sama da tan ɗaya kafin ta tsinke, ka ga akwai rara mai yawa. Ko tayar na ƙasa, a bar naɗi biyar a kan ganga, domin naɗin ne ke riƙewa, ba ɗan kusan da ya kama bakin wayar ba. Kurar da ke bakin hannu kada faɗinta ya gaza santimita 8 zuwa 10, ƙarama tana karya silin waya, kuma a yi mata kunnuwa a gefe don kada wayar ta zame ta maƙale. A bakin ƙugiya a sa zoben ƙarfen nan mai kama da ɗigon ruwa da kilif uku, sirdin kilif ɗin a kan wayar da ke ɗauke da nauyi, lanƙwasar a kan guntun bakin. Ƙugiyar ta zama mai ɗan murfi.

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Na gode, Baba. Na gode, Masta, Allah ya ƙara basira. Na auna ta, kilo 43 ce. Bamba mai hannu biyu sai nan gaba, yanzu kiren zan fara yi. Amma na ga ƙaramin wincin lantarki na 12V, an rubuta 2000 a jikinsa, da rimot. Tunda ya fi nauyin tayar nesa ba kusa ba, ba zai fi sauƙi ba? In danna kawai ina tsaye a ƙasa.

Mai Wayarin, Alabar, ya rubuta:

Ɗan'uwa, 2000 ɗin nan fam ne, wajen kilo 900, kuma ƙarfin ja ne a ƙasa, a naɗin farko na ganga. Ka buɗe takardarsa, yawancinsu sun rubuta ƙarara kada a ɗaga kaya sama da su. Dalili biyu ne. Birkinsu ba a yi shi don riƙe kaya a rataye ba, wasu suna zamewa a hankali in ka saki maɓalli. Sannan akwai ɗan mariƙin nan da ke sakin ganga don a ja waya da hannu. In wani ya taɓa shi, ko bai shiga daidai ba tun farko, tayar za ta faɗo gaba ɗaya ba gargaɗi.

Ƙarfin da kake gani alheri, shi ne haɗarin. Masta ya lissafa maka kire na kilo 45. In ƙugiya ta kai bakin hannu yatsanka bai bar maɓalli ba, ko gefen tayar ya maƙale a ƙarƙashin bakin kariya, wincin ba zai tsaya ba, zai ja da kilo ɗaruruwa. Cikin daƙiƙa ɗaya ya lanƙwasa hannun ko ya yage kariyar. Da na hannu kuwa, kana jin ya yi tauri za ka tsaya ka duba. Ga taya mai kilo 43 da za ka sauke sau kaɗan a shekara, lantarki ƙarin abin lalacewa ne kawai: rana, ruwa, ƙurar hunturu a cikin solonoid, wato makunnin da ke ba wincin wuta, ranar da kake bukatarsa ka danna ka ji ƙas, shiru. Kuma in batir ne ya mutu, safayarka ta zama ta ado.

Inda ya dace shi ne manyan motoci masu tayar rim 20, inda juya na hannu ke cin lokaci. Wanda zai sa, ga sharuɗɗa. Ya nemi wanda aka rubuta na ɗaga kaya ne, ba na ja ba, ya duba ko 12V ko 24V ne motarsa. In na ja ne ya riga ya saya, a kulle mariƙin sakin gangar da kusa yadda ba zai motsa ba. A sa makunnin iyaka a bakin hannu, wanda zai yanke wutar hawa in ƙugiya ta matso. Waya daga batir zuwa bayan doguwar mota ta kai mita 6 ko 7, kada ta gaza 16mm², in da hali 25, domin irin wannan winci in ya ɗauki kaya sosai yana iya jan sama da amfiya 100, siririyar waya za ta yi zafi wuta ta ragu. A ja waya biyu, har da ta komawa batir, kada a dogara da kariya a matsayin at, wato hanyar komawar wuta, ƙafafunta a kan fenti da roba suke zaune. Fiyus ko bireka a kusa da batir, cikin santimita 30, ba a can baya ba, domin abin da ake tsoro shi ne doguwar wayar ta goge da ƙarfe ta kama wuta. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. A ƙara makunnin yanke wuta gaba ɗaya, ya zauna a kashe in ana tafiya. Injin mota na aiki lokacin da ake ɗagawa, hambirki a ja, weji a ƙarƙashin taya.

Mai Faci, Sabon Zango, ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren tayar zan ƙara.

Wadda za ka mayar sama ba irin wadda ka sauke ba ce. Ta fito daga hanya da zafi, in damina ce cikin rim ɗin cike da jar laka, tana iya ƙara kilo da dama, ga santsi. In ta yage, silin wayar da ke cikinta na fitowa kamar allura. A kankare lakar da shebur tukuna, a sa safar hannu mai kauri.

Masu 7.50R16 mai tif da rim ɗin nan mai zoben kulle, ku ne kuka fi kowa bukatar kire. In irin wannan ta faɗo daga sama ta daki gefe, zoben na iya gocewa daga mazauninsa ba ka gani ba, iska na danne a bayansa. Ranar da ya tashi, yana kisa. Duk wadda ta faɗi, a sace iskar duka kafin a taɓa zoben, a duba, a sake hurawa a cikin keji ko a naɗe ta da sarƙa, ba wanda ke tsaye ta gefen zoben.

Abin da ya ɗaga taya ba shi ne zai riƙe ta a tafiya ba. Na ga ana barin taya a rataye a wayar winci a kama hanya, wannan kuskure ne. A kan kariya, a kwantar da ita a kan ƙarafa biyu na firam, ba a kan raga ba, dogon kusa M16 ya fito ta ramin tsakiya, faranti a sama, noti biyu. A ƙara bel mai racet a gicciye. Bayan kilomita 50 na farko a hanyar gargada a tsaya a ƙara ɗaurewa, domin roba na zama ta saki. Bawul ya kalli sama yadda za ka auna iska ba sai ka kwance ba. A rufe ta da tamfol saboda rana, kuma a riƙa duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Safaya na tsufa a sama ko ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Masu Hilux da Land Cruiser 80 ko 100 da tasu ke ƙarƙashin mota, matsalarku daban ce. Ɗan wincin nan na ƙasa laka da tsatsa ke cinye shi, sai ranar tsiya a sa sanda a juya ya ƙi. Duk wata biyu a sauke tayar har ƙasa, a wanke sarƙar ko wayar, a sa giris, a mayar. Da hannu ake juya shi, kada a sa masa injin kwance noti, yana fasa giyar ciki. A sauke safayar kafin a ɗaga mota da jak, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashi don jawo ta mota na kan jak. In an sa taya mafi girma a wurin, a duba tazararta da salansa, a ƙara sarƙar tsaro daga rim zuwa shasi.

Masta Maiwalda, Suame Magazin, ya rubuta:

Maganar Mai Wayarin daidai ce, ƙanena, ka tsaya a na hannu mai birki. Wincin ka sa a ɗaure shi a jikin sandar, ta gefen da hannunka zai kai kana tsaye a kan tsani ko kan kariya, ba a ƙarƙashin inda tayar ke bi ba.

Abu biyu da na bari. Gefen hanyoyinmu a karkace yake, da zarar taya ta bar kariya hannun zai so ya juya da kansa zuwa gangare, ya ja ka. A huda kwasfa da sanda tare a wuri biyu, ɗaya hannu na kallon waje, ɗaya na kallon cikin kariya, a sa fin mai sarƙa. Ka ɗaga, ka zare fin, ka juya, ka mayar da fin, sannan ka fara saukewa. Ka ɗaura siririyar igiya mita 3 a jikin tayar don hana ta lilo, in akwai mai taimako ya riƙe daga nesa.

Sai gwaji, kafin ka biya kuɗin aiki. Galan uku na Kufuor, jarkokin nan masu launin rawaya, masu lita 25, a cika su da ruwa, kilo 75 ke nan, ya wuce nauyin tayarka da fiye da rabi. A ɗaga su santimita 20 kawai daga ƙasa, a saki mariƙi, a bari minti 10. A sa alamar alli a kan ganga don a ga ko birki na zamewa. A sauke, a auna bakin hannun daga ƙasa a ga ko ya koma inda yake, a duba walda ta gindi da ƙafafun kariya da fitila. Fenti sai bayan gwaji, domin yana rufe tsaga. In za ka kama hanya, ka zare sandar daga kwasfa ka kwantar da ita a kan kariya ka ɗaure, ka toshe bakin kwasfar da murfin roba saboda ƙura.